AirTag a jikin tsohon babur: abin da yake iyawa da inda ƙarfinsa ya ƙare

Babur ɗin da nake hawa yanzu shi ne na biyu da na mallaka, kuma ya haura shekara 25 da ƙerawa. Na farkon an sace shi ne da rana tsaka, a gaban wani gini da na shiga da niyyar fitowa cikin mintuna kaɗan, bayan na kulle wuyansa kawai na zare makulli. Da na fito babu abin da ya rage a wurin sai ɗigon baƙin mai a ƙasa, kuma har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. Wannan ne ya sa, da na sami na biyun, na ɓoye masa AirTag na kamfanin Apple, samfurin da ya fito a watan Afrilun 2021. Ya shafe fiye da shekara guda a jikin babur ɗin, abin da ya isa in faɗi ra'ayina a kansa ba tare da gaggawa ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, AirTag ɗan faifai ne zagayayye, fuska ɗaya farar roba, ɗayar kuma ƙarfe mai sheƙi. Faɗinsa milimita 31.9 ne, kaurinsa milimita 8, nauyinsa giram 11. Yana aiki da batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda mutum zai iya canzawa da hannunsa ta hanyar danna murfin ƙarfen ya murɗa shi. Haɗa shi da waya ba ya cin minti biyu: a zare 'yar ledar da ta tare batir, a kusanto da shi jikin iPhone, a ba shi suna, shi ke nan. Ba a biyan kuɗin wata ko na shekara a kansa.

Abin da ya kamata mai saye ya fahimta tun kafin ya fitar da kuɗinsa shi ne yadda na'urar take sanin wuri, domin duk alherinta da duk gazawarta daga nan suka samo asali. AirTag ba shi da GPS, ba shi da layin waya, kuma shi kansa bai san inda yake ba. Aikinsa kawai shi ne ya riƙa fitar da sigina ta Bluetooth a kai a kai. Duk wata iPhone ko iPad da ta gifta kusa da shi, ko ta wane ne, sai ta tsinci siginar, ta haɗa ta da wurin da ita kanta take, ta aika da bayanin a rufe zuwa ga Apple, inda mai AirTag ɗin kaɗai ke iya buɗe shi ya gani a taswirar manhajar Find My. Mai wayar da ta yi wannan aike bai san ta yi ba, kuma shi ma ba a sanin ko wane ne. Dabara ce mai ban sha'awa, tunda ta mayar da ɗaruruwan miliyoyin wayoyin jama'a 'yan rahoto ba tare da an ɗauke su aiki ba. Amma ma'anarta ita ce, ɗigon da mutum yake gani a taswira shaidar wayar ƙarshe ce da ta wuce kusa da babur ɗin, wataƙila minti biyu da suka wuce, wataƙila jiya da daddare.

Me ya sa tsohon babur musamman? Tun daga ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanoni suka fara sanya wa manyan baburansu makulli mai ɗauke da 'yar na'ura a ciki, irin tsarin HISS na Honda, ta yadda ko an fasa ramin makulli injin ba zai tashi ba sai ya gane makullinsa na asali. Tsohon babur ba shi da wannan kariya. Ramin makullinsa ya sha juyi har ya saki, wani lokaci ma makullin wani babur ɗin yana iya murɗa shi. Makullin wuyansa ɗan guntun ƙarfe ne da ke karyewa idan aka fizgi kan babur ɗin da ƙarfi. Idan kuwa mai tashi da ƙafa ne, to ko batir ba a buƙata. Ga shi kuma da sauƙin nauyi, mutum biyu ko uku za su ɗaga shi su jefa a bayan motar kaya cikin ƙasa da minti ɗaya. Masu cewa babu wanda zai kula tsohon babur sun manta cewa ƙarancin kayan gyaransa shi ne darajarsa: tanki, fitila, murfin gefe da inji, idan aka wargaza aka sayar ɗaya bayan ɗaya, sukan fi babur ɗin a haɗe kawo kuɗi, kuma ba su da lambar da za ta tona asiri.

Kafin AirTag na taɓa gwada wata na'urar bin sawu mai GPS, irin wadda ake jona wa batir ɗin babur. Ba zan ambaci sunanta ba. Ta yi aikinta na nuna wuri, amma tsarin cajin tsohon babur ba shi da rarar wutar da zai ciyar da baƙo dare da rana, don haka duk lokacin da na ajiye shi na mako biyu sai in tarar batir ya mutu. Bugu da ƙari, duk wanda ya ɗaga kujera ya ga sababbin wayoyi biyu a kan batir mai tsofaffin wayoyi, ya san abin da zai bi ya tsinke. A nan ne AirTag ya fi burge ni. Ba ya taɓa wutar babur ko kaɗan, ba a yanka waya ko ɗaya saboda shi, babu igiyar da za ta kai ɓarawo inda yake, kuma ƙanƙantarsa ta sa yana shiga lungun da babbar na'ura ba za ta shiga ba.

Neman wurin ɓoye shi ya fi sayensa wahala, kuma a nan na fara yin kuskure. Na sa shi ne a cikin kwanon babbar fitila, ina ganin na yi wayo, alhali kwanon fitilar tsohon babur ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare siginar Bluetooth. Sai na lura wayata ba ta jin sa sai na zo dab da babur ɗin, wato wayar mai wucewa a can gefen titi ba za ta taɓa tsintarsa ba. Laifina ne, ba na na'urar ba. Ƙa'idar ita ce a nemi wurin da roba, soso ko fata ce ta raba shi da waje, wanda kuma ba ya kusa da inji ko salansa, tunda an tsara shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 20 ƙasa da sifili zuwa digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, jikin inji mai sanyaya kansa da iska kuwa yana wuce hakan nesa ba kusa ba. Ƙarƙashin kujera, wurin ajiye sufana da takardu, shi ne inda kowa yake fara sawa, saboda haka shi ne inda ɓarawo yake fara dubawa. Wuri mai kyau shi ne wanda sai an kwance kusoshi da dama kafin a kai gare shi, domin ko an san akwai na'ura a jikin babur, neman ta zai ci lokaci, lokacin nan kuwa shi ne jarin mai kaya. Ba zan faɗi inda nawa ya koma ba. Zan dai ce na naɗe shi da 'yar roba mai laushi na ɗaure shi tamau, saboda girgizar tsohon inji ba ta barin komai a inda aka ajiye shi, kuma ƙarar wani abu da ke kaɗawa a cikin murfi ita kanta tonon asiri ce.

Tun daga lokacin bai ba ni matsala ba. Ya sha ruwan sama da wanki, ya ci ƙura, bai daina aiki ba. An ƙera shi ne ya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Batir ɗin farko ya kai shekarar da aka yi alkawari, kuma wayar ce ta sanar da ni ya yi ƙasa kafin ya mutu. Wajen sayen sabo, a kula da irin wanda aka shafa wa sinadari mai ɗaci don hana yara haɗiyewa, domin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa wasu daga cikinsu ba sa haɗuwa da kyau da ƙarafunan cikin na'urar. A wuraren ajiye ababen hawa masu cunkoso, inda jama'a ke kai da kawo, nakan buɗe taswira in tarar an ga babur ɗin mintuna kaɗan da suka wuce, a daidai inda na bar shi. Wannan kwanciyar hankali ce ta gaske, ba zan raina ta ba.

Sai dai kwanciyar hankali daban, tsaro daban. Babbar gazawar AirTag a wannan aiki ita ce ba ya sanar da mai shi cewa an motsa babur. Yana iya gaya wa mutum cewa ya yi nisa da kayansa, wato lokacin da shi mai kayan ya tafi ya bar su, amma ba shi da hanyar cewa kayan ne suka tashi suka tafi. Idan aka ɗauke babur da ƙarfe biyu na dare, mai shi zai sha barcinsa har asuba, sai ya leƙa ya ga wayam sannan ya buɗe taswira. Ihu bayan hari ke nan, ko da yake ihu ne mai nuna hanyar da maharan suka bi. Na'urorin da aka ƙera musamman don babura sun sha gabansa a nan. Monimoto, alal misali, wadda wani kamfani a ƙasar Lituweniya yake yi, tana aiki da batir ɗinta ita ma, tana da layin waya a ciki da ɗan maɓalli da mai babur ke riƙewa; da zarar ta ji motsi ba ta ji maɓallin a kusa ba, sai ta kira wayarsa ta fara aiko da wuri. Ana biyan kuɗin shekara a kanta, ta kuma fi AirTag girma da tsada, amma mintunan farko na sata, waɗanda su ne mafi daraja, ita ce take sayar wa mutum su.

Gazawa ta biyu ta fi ɗaure kai, domin da gangan aka gina ta, kuma a ganina daidai aka yi. Abin da zai iya bin sawun babur a ɓoye zai iya bin sawun mutum a ɓoye, an kuma sami masu jefa shi a jakar mata ko motar wanda suke bibiya. Saboda haka aka tsara shi ya riƙa tona kansa. Idan ya rabu da mai shi na wani lokaci sannan aka motsa shi, yakan yi ƙara. Da farko sai bayan kwana 3, amma a watan Yunin 2021 aka rage zuwa wani lokaci tsakanin awa 8 da awa 24. Idan kuma wata iPhone ta lura baƙon AirTag yana tafiya tare da ita, sai ta sanar da mai ita, ta ba shi damar sa na'urar ta yi ƙara, har ta nuna masa yadda zai cire batir ɗin. Da farko masu Android sai sun sauke wata manhaja mai suna Tracker Detect, wadda ta fito a Disambar 2021, sun bincika da kansu. Daga 2023 Google ya sa faɗakarwar a cikin tsarin wayar, a watan Mayun 2024 kuma kamfanonin biyu suka fara aiki da ƙa'ida guda a kan lamarin. Abin nufi shi ne, kusan duk ɓarawon da ke da wayar zamani a aljihu, idan ya daɗe yana yawo da babur ɗin, wayarsa ce za ta raɗa masa cewa ana biye da shi. Na'urar ba ta iya bambanta ɓarawo da baiwar Allah da ake bibiya, kuma idan dole sai an zaɓi wanda za a kare tsakanin rai da babur, ban ga abin jayayya ba. Apple bai taɓa tallata AirTag a matsayin maganin sata ba. Don abin da ya ɓata aka yi shi.

Akwai masu buɗe shi su kashe lasifikar don kada ya yi ƙara. Ni ban yi ba, ba na kuma ba da shawarar a yi. Yin hakan yana raunana kariyarsa daga ruwa, ba ya hana saƙon faɗakarwa zuwa wayar ɓarawo, kuma yana hana mai shi amfani da ƙarar a ranar da zai fi buƙatarta, wato ranar da yake tsaye gaban jerin ɗakunan ajiya goma yana son sanin wanne ne. Wani abin lura kuma ga gidan da mutum fiye da ɗaya ke hawa babur guda: tun daga iOS 17, wato sabuntawar tsarin iPhone ta 2023, ana iya raba AirTag ɗaya da mutum biyar, ta yadda ɗan'uwa ko abokin da ya ari babur ba zai riƙa samun saƙon ana bin sa ba, kuma shi ma zai iya ganin wurin idan an yi sata.

Gazawa ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Inda babu iPhone, babu labari. A tsakiyar babban birni na'urar tana da idanu dubu, a ƙauye ko gona ko unguwar da kusan kowa ke riƙe da Android tana iya yin kwanaki shiru. Kafin a saya, a duba wayoyin da ke hannun mutanen yankin da ake ajiye babur, da kuma na wuraren da ake zaton za a kai shi. Mai Android ma ba zai iya haɗa shi da wayarsa ba sam. Nasa zaɓin shi ne SmartTag na Samsung idan wayarsa Samsung ce, ko ɗaya daga cikin na'urorin da ke aiki da irin wannan tsarin neman kaya da Google ya buɗe a Afrilun 2024.

To da duk wannan, yana dawo da babur kuwa? Yana iyawa, kuma dalilin yana cikin ɗabi'ar ɓarayin kansu. Da yawansu ba sa kai babur maɓoyarsu kai tsaye, don tsoron na'urar bin sawu. Sukan yasar da shi a wani lungu, bayan gini ko wurin ajiye motoci, su lulluɓe shi su jira kwana ɗaya ko biyu su ga ko wani zai zo nema. Wanda aka ɗauka a bayan mota ma tafiyar takan kasance gajeriya, ba lallai ta kai tsawon da waya za ta yi faɗakarwa ba. A cikin wannan 'yar tazara AirTag yake cin kuɗinsa: babur yana tsaye wuri ɗaya, mutane suna wucewa, taswira tana nuna titi. Idan an iso kusa, iPhone 11 da mafi yawan waɗanda suka biyo bayanta suna nuna kibiya da adadin tazarar da ta rage, muddin an shigo cikin 'yan mitoci. Hukumomi ma sun ga amfaninsa: a ƙarshen Afrilun 2023 magajin garin Niyu Yok na lokacin, Eric Adams, ya sanar da rabon AirTag 500 kyauta ga masu motoci saboda yawaitar sata.

Abin da ke biyo bayan ganin ɗigon shi ne wurin da mutane ke yin ganganci. A watan Maris na 2023, a birnin San Antoniyo na jihar Tekzas ta Amurka, wani mutum ya bi sawun motarsa da aka sace da AirTag, ya tunkari wanda ke ciki kafin 'yan sanda su iso, aka ƙare da harbi da asarar rai. Taswira tana ba mutum wuri, ba ta gaya masa mutum nawa ne a can ko me suke riƙe da shi. Hanyar da ta dace ita ce a kai rahoto nan take, a ɗauki hoton taswira da lokacin da ke jikinta duk sa'ad da wurin ya canza, a kuma miƙa wa 'yan sanda. Daga iOS 18.2 a ƙarshen 2024 ana iya ƙirƙirar mahaɗin intanet na wucin gadi da ke nuna wurin, wanda ke daina aiki bayan kwana 7, a tura wa wanda ke bincike ko da ba ya amfani da iPhone. Sannan ɗigo a taswira ba shaidar mallaka ba ce. Ɓarawo yana cire lambar babur ne tun a daren farko, don haka abin da zai tabbatar da cewa naka ne shi ne lambar firam da aka buga a wuyansa, da lambar da ke jikin inji, da takardun saye, da hotunan tabo da gyare-gyaren da kai kaɗai ka san tarihinsu. Lokacin da aka sace na farkon, ban iya kawo lambar injinsa da ka ba, takardar kuma tana ƙarƙashin kujerarsa, ta tafi tare da shi. Yanzu lambobin biyu suna rubuce a gida, hotunansu kuma suna cikin waya.

Saboda AirTag ba ya hana a ɗauka, kuɗin da ya fi yawa na kashe shi ne a kan ƙarfe. Kwaɗon da ake maƙalawa a faifan birki ba ya shiga babura da yawa na da, tunda birkinsu na ganga ne, kuma ko ya shiga ba ya hana a ɗaga babur ɗungurungum. Abin da ke hana ɗagawa shi ne sarƙa da ta ratsa firam, ko aƙalla tayar baya, ta zagaye wani abu da ke kafe a ƙasa. Siririyar sarƙa babban almakashin ƙarfe yana datse ta shiru cikin daƙiƙu; sai kaurin zobenta ya kai wajen milimita 16 take gagarar irin wannan almakashi, sannan a ɗage ta daga ƙasa don kada a sami wurin dogara ko na duka da guduma. Injin yankan ƙarfe mai batir zai ci ta a ƙarshe, amma da ƙara da tartsatsi da ɓata lokaci, abubuwa ukun da ɓarawo ba ya so. Irin wannan sarƙa nauyi gare ta, ta gida ce. A hanya ina ɗaukar wadda ba ta kai ta ba. Na ƙara da tamfol mara ado da ke rufe babur ɗin har ƙasa, da wani ɓoyayyen maɓalli da bakanike ya sa mini wanda ke yanke wutar filogi, ta yadda wanda ya fasa ramin makulli zai yi ta bugun ƙafa a banza.

Idan aka tambaye ni ko a saya, amsata ta dogara da mai tambayar. Wanda yake da iPhone, yake zaune inda masu irinta suke da yawa, babur ɗinsa kuma bai kai darajar da za a riƙa biya masa kuɗin shekara ba, ya saya, bayan ya riga ya sayi sarƙa. Wanda babur ɗinsa ke kwana a waje, ko yake da wuyar samu har ba za a iya maye gurbinsa ba, ya nemi na'urar da ke kiran waya idan an motsa shi, sannan ya ɓoye AirTag a wani lungu daban a matsayin na biyu, domin ɓarawon da ya tsinci na'ura ɗaya yakan ɗauka ya gama. Ni ina cikin kashin farko. Na rubuta watan da na canza batir a bangon littafin da nake rubuta juyen mai, kuma tunda sai na kwance kusoshi bakwai kafin in kai ga inda yake, na haɗa canjinsa da babban gyaran da nake yi wa babur ɗin sau ɗaya a shekara.